Takaba a Ɗaki Mai Taya

Tun ranar da maigidana ya sayo abin nan ban taɓa kiransa da sunan kirki ba. Shi karaban yake ce masa, yadda mutanen nan Malesiya suke faɗa. Ni kuwa akurki nake ce masa, a gabansa da bayan idonsa. Ɗaki ne dogo a kan tayoyi, ba shi da inji, sai an ƙulla shi a bayan mota an ja. A ciki akwai gado, da ɗan murhun gas, da firji, da banɗakin da in mai jiki ya shiga sai dai ya fito da baya. A gefen hagu akwai wani ɓangare da ake danna maɓalli ya turo kansa waje kamar aljihun tebur, da kujera da teburin cin abinci a cikinsa. Wannan ɓangaren shi maigidan yake kira falo, ko kunya ba ya ji.

Malamin jami'a ne, muna haya a wani dogon bene a Bukit Jalil, mu uku da 'yarmu. Babu inda za a ajiye akurki a irin wannan gida, don haka ya kai shi bayan gidan wata tsohuwa Bamalayiya a wajen Titiwangsa, wadda ɗanta ya taɓa karatu a hannunsa. Makcik muke ce mata, kamar dai a ce Inna. Sau ɗaya tak na yarda muka fita da shi, bakin wani rafi a bayan gari. Na zauna a kujera na harɗe hannu ina kashe sauro, shi kuwa yana ta zagaye abin da katakai da wani ɗan ma'auni irin na magina, yana bayanin kowane mataki da ƙarfi kamar yana gaban aji. Na ce masa mutanen kirki suna barin daji su zo birni, shi ya biya kuɗin jirgi ya zo birni don ya nemi daji. Ya yi dariya ya ci gaba da laccarsa. Na ɗauka ban saurara ba, ashe kunnena yana kwashewa.

A shekara ta biyu ta korona ya rasu. Da ƙafarsa ya shiga motar asibiti, yana ce mini kada na bar yarinya ta yini a gaban talabijin. Ban sake ganin fuskarsa ba. Ba mu muka yi masa wanka ba, ba mu muka sa shi a likkafani ba. Wasu mutane ne cikin fararen ledoji suka sauke shi a rami, ni kuma ina kallo a waya, daga hannun wanda shi ma an tsayar da shi can nesa. Ba a yi zaman makoki ba, ko tabarma ɗaya ba a shimfiɗa ba. Gaisuwa duk ta waya ta zo, har na tsani ƙarar wayar. Duk abin da mace take yi wa mijinta in ya mutu an karɓe shi daga hannuna, kuma kowa da hujjarsa mai kyau. Abu ɗaya ya rage wanda ba likita ba ɗan sanda da zai ce nasa ne, shi ne takabata.

Ba mu daɗe da gama tamu killacewar ba sai ga saƙon mai gidan haya ta bakin dillali. Yarjejeniya za ta ƙare a ƙarshen wata, kuma ba zai sabunta ba. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba, don na ga yadda maƙwabta suke barin lif in mun shiga. Jirgin gida babu, an rufe ko'ina. Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba, fushin da ba shi da wanda za ka sauke wa.

Mutanenmu ba su yar da ni ba, wannan gaskiya ce. Akwai babban aminin marigayi, wanda ya girme shi kuma ya riga mu zuwa ƙasar, Malam muke ce masa. Shi ne ya riƙe wayar nan a maƙabarta. Matarsa Hajiya ita ce uwar matan Hausawa na wannan yanki, duk haihuwa da suna da rashin lafiya a hannunta suke. Mace ce mai jiki, mai zuciyar taimako, wadda in ta yanke maka shawara ta ɗauka kai ma ka yanke. Suka zauna suka tsara mini rayuwa. Ni zan koma gidansu na shiga ɗakin 'yan matansu na yi takaba. Yarinya kuwa gidan ba zai ɗauke mu mu biyu ba, za a kai ta wurin wasu iyali a can wani gefen gari, inda akwai sa'o'inta. Tsakanina da wurin akwai shingen 'yan sanda ba ɗaya ba, ga shi mai takaba ba ta yawo. A taƙaice za a raba ni da ita har na fita.

Shekararta takwas lokacin. A bayan ƙofa ta ji wannan tsari, kuma daga ranar ta haɗa wata 'yar jakarta ta makaranta ta rungume, ba ta bari kowa ya buɗe, da ita take kwana. In na shiga banɗaki sai na fito na same ta a bakin ƙofa a tsaye.

Da Hajiya ta kira ta ji ranar da za a zo kwashe kaya, sai na ce mata na gode, amma a gidan mijina zan yi takaba, ni da 'yata.

"Wane gidan kuma? Ba an ce ku tashi ba?"

"Wancan na haya ne, Hajiya. Ina nufin wanda ya saya."

Na san lissafi take yi. Can sai ta ja salati. "Wai akwatin nan na bayan gidan Makcik? Ke ƙanwata, ki dawo hayyacinki. Takaba a mota? Abin da yake da taya ai ba gida ba ne. In labari ya je Kano me kike so a ce da mu, muna nan muna kallo?"

Na ce duk wanda yake da magana a Kano ya samo jirgi ya zo ya faɗa mini. Ni da bakina da na shekara ina kiran abin nan akurki, ranar na tsaya ina kare shi kamar gidan sarauta. Malam ne ya karɓi wayar ya raba gardama. Ya ce a je a gani da ido. In abin ya tsaya daidai, ya buɗu, akwai ruwa da wuta, shi ba zai hana ba. In kuwa bai yiwu ba kafin la'asar, lokacin da dole su kama hanya saboda dokar kulle, to ba ƙarin magana, ni zan shiga motarsu, yarinya kuma a wuce da ita. Na ce na yarda. Makcik dama tuni ta ce mini in zo, za ta jawo mini tiyo da wayar lantarki daga kicin ɗinta.

Da hantsi muka isa, ni da yarinya a tsohuwar motar marigayi mai ƙugiya a baya, su Malam a tasu, kowa da takunkuminsa. Akurki yana can a lungu ya karkace, ganyen bishiyar rambutan ya rufe rufinsa. Filin bayan gidan ba shimfiɗaɗɗe ba ne, gangare ne tun daga bangon kicin har zuwa kwatar da ke bin katanga. Malam ya zagaya ya duba ya ce abin mai sauƙi ne. A juya hancinsa ya kalli kwata, bayansa ya kalli gida, tayoyin hagu da dama su zauna daidai da juna, sai jak ɗin gaba ya ɗaga hancin, shi ke nan an gama. Gaskiya ya faɗa, da haka aka yi da kafin azahar mun sha shayi.

Ni kuwa na fito da waya na nemi alƙibla. A cikin ɗakin nan wuri ɗaya ne mutum zai shimfiɗa sallaya, wata 'yar siririyar hanya da ta miƙe daga gado zuwa gaba. Ko an fito da falo ba ta ƙara faɗi, don daɓensa ya ɗara na ɗakin tsawo. Inda hancin ɗakin ya kalla, nan mai salla zai kalla. Alƙibla kuwa a garin nan yamma take, ta ɗan karkata arewa, kuma a filin Makcik ta yanke gangaren ne a gicciye. In na bi ta, tayoyin dama za su hau tudu, na hagu su faɗa gangare, kuma a hagun falo yake.

"Ki fito waje ki yi sallarki mana," in ji Hajiya.

"A gaban 'ya'yan Makcik samari, sau biyar a rana, cikin ruwan saman garin nan?"

"To ki yi a karkace. Ai lalura ce."

Na ce wata huɗu da kwana goma ba zan yi su ina sujada kafaɗata tana dukan firji ba. An hana ni tsayawa a kansa, ba za a hana ni tsayawa sosai ina yi masa addu'a ba. Malam ya kalli matarsa, ya kalli sama, ya je ya taya ni ƙulla ƙugiya.

Duk wanda bai taɓa yin ribas da abu a ƙulle a bayan mota ba, kada ya yi mini dariya. Ka karya kan mota dama, shi ya tafi hagu. Ka gyara, ya naɗe kamar zai leƙo ta taga ya gaishe ka. Na taka wa Makcik tukunyar fure guda, na kusa kwashe igiyar shanya. Hajiya tana zaune a inuwa tana ba da labarin duk motsin da na yi kamar mai sharhin ƙwallo. Gumi ya jiƙa mini hijabi. Amma a hankali hannuna ya gane abin, na daina kallon baya na koma kallon madubi yadda marigayi yake yi, har hancin ɗakin ya zo daidai da kibiyar da ke wayata. Na fito na dube shi. Ya kalli alƙibla kam, amma ya kwanta hagu kamar mai ciwon haƙarƙari.

Na zagaya baya ɗauko katakan da marigayi yake ajiyewa a akwatin ƙasa. Ina can sai na ji wata ƙara mai tayar da tsigar jiki, ƙarfe yana cin ƙarfe. Na rugo. Ashe Malam ne ya leƙa ciki, ya ga maɓalli, ya ce bari ya gwada ko batir yana da rai. Falo ya fito rabi ya cije. Nauyinsa ya rinjaya gangare, kusurwar sama ta kama jikin ɗakin ta tsaya, ba gaba ba baya. Abu na farko da marigayi ya yi ta nanatawa a bakin rafin nan shi ne, ba a taɓa wannan maɓalli sai ɗaki ya zauna daidai, don in jikin ya murɗe ko kaɗan ramin falon ba ya zama a miƙe.

"To kin gani," in ji Hajiya, ba da mugunta ba, har da tausayi a muryarta. "Allah ne ya nuna miki tun da wuri. Wannan ba practical ba ne, ƙanwata. Ku zo mu tafi."

Idona yana kan 'yata. Ba wanda ya ce mata komai. Ta dubi falon da ya cije, ta gyara jakarta a ƙirji, ta taka a hankali ta je ta tsaya a jikin motar su Malam, ta ɗora hannu a marfin ƙofa tana jira a buɗe. Yarinya 'yar shekara takwas ta riga ta saba da a ce mata abu bai yiwu ba. Wannan ya fi ƙarar ƙarfen yi mini ciwo.

"Ke! Sakar musu mota! Wa ya ce miki tafiya za ki yi?"

"Subhanallahi," in ji Hajiya. "Mai takaba ba ta ɗaga murya."

"Yau ta ɗaga."

Malam, Allah ya saka masa, bai tsaya kare kansa ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri, laifina ne. Faɗa mini abin da zan yi." Na ce ya sa kafaɗa a ƙasan falon daga waje ya ɗaga yana turawa. Dattijo da furfurarsa ya tuɓe hula ya shiga ƙarƙashi. Na danna maɓallin komawa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Abin ya yi gurnani, ya yi tsalle ɗaya, ya koma ciki ya rufe. Ya bar wani dogon karce a jikin fenti wanda har yau yana nan.

Daga nan Malam ya ɗauko hannun murɗawa ya nufi ƙafafun ƙarfe da ke kusurwa huɗu na ɗakin, zai sauke na hagu ya ɗaga gefen da su. Na ce a'a, waɗannan ba na ɗaga kaya ba ne, na hana rawa ne kawai, in aka ɗora musu nauyi za su lanƙwashe su murɗe daɓen. Ina faɗa ina jin muryar wani a cikin tawa, har da yadda yake jan kalmar ƙarshe. Gefe da gefe ake fara gyarawa, tun ɗaki yana ƙulle da mota, kuma tayoyi ne suke yin aikin.

Na jera katakai a gaban tayoyin hagu, mai faɗi a ƙasa, mai bi masa a sama, kamar matakala. Na ja mota a hankali har suka hau. Na ɗora ma'aunin a daɓen bakin ƙofa. Ɗan ƙarfe ne mai gilashi da koren ruwa, da ɗigon iska guda a ciki, sai ɗigon ya zauna tsakanin layi biyu ake cewa an daidaita. Ya ɗan motsa daga inda ya maƙale, amma ko kusa da layin bai zo ba. Na ƙara katako, ya ƙara matsowa kaɗan. Katakai suka ƙare. Makcik ta kawo bulo, na ce a'a, bulo fashewa yake yi, kuma in na ci gaba da gini a ƙarƙashin taya, ranar da ƙasa ta jiƙe da ni da yarinya za mu farka a cikin kwata.

Azahar ta wuce, muka yi salla a barandar Makcik. Hadari ya fara haɗowa ta bayan dogayen benaye, irin na garin nan da ba ya saɓa alkawari. Hajiya ta duba agogo ta dubi mijinta. Ni kuma na tsuguna ina kallon tayoyin dama da suke zaune a kan tudu abinsu. Sai na ga wautar da nake yi. In gefe ɗaya ya ƙi hawa, ai ɗayan yana iya sauka.

Na je na sami Makcik, da guntun Malayancina da hannu na nuna mata ina so na haƙa mata fili. Ta dubi ciyawarta da take sharewa kullum, ta dube ni, ta dubi yarinya. Ta ce, "Boleh," wato an yarda. Ta shiga ta fito mini da fartanya mai dogon ƙota.

Na ja motar baya, na auna inda tayoyin dama za su tsaya, na ɗaure hijabina a ƙugu na fara sara. Jar ƙasa ce mai danƙo, cike da saiwoyi. Malam ya miƙo hannu zai karɓa, na ce ya bari. Hajiya ta taso tsaye.

"Innalillahi. Mai takaba da fartanya, a gaban maza, a ƙasar mutane! Ke wai ba kya jin magana ne? Ki ba shi ya haƙa mana!"

Na ɗago, ƙasa har a girata. Na ce, "Hajiya, ba a bar ni na ga raminsa ba. Ko ƙasa cikin hannu ban zuba ba. Wannan ramin a bar ni na haƙa abina."

Ta koma ta zauna ta juya fuska wajen katanga. Ni kuma na ci gaba da sara, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Tun da ya rasu ba abin da na taɓa da hannuna ya motsa sai ƙasar nan. Na sari mai gidan haya a cikinta, na sari masu barin lif, na sari cutar da kanta. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ban sani ba. Da ramin ya yi zurfin da nake so na daddaɓe ƙasansa, na zuba tsakuwar da Makcik ta kwaso daga gindin famfo, na kwantar da guntun katako a kai.

Na shiga mota na ja a hankali. Na ji gefen hagu yana hawa, na dama yana sauka. Na taka birki na fito na duba, ɗigon ya wuce layi ya leƙa ɗaya gefen. Na koma baya, na zare katako ɗaya daga hagu, na sake ja. Haka na yi ta shiga ina fita, har na daina jin ƙafafuna. A wani zuwan na sunkuya na ga ɗigon ya zauna tsakiyar layi biyu, shiru, kamar dama can nan ne gidansa. Ban yi murna ba tukuna. Na sa weji, katakon tokare taya, gaba da bayan kowace taya na buga da dutse. Sannan muka cire ƙugiya na matsar da mota. Na juya ma'aunin ya kalli tsawon ɗakin, na kama jak ɗin gaba ina murɗawa, Malam yana tsugune a ƙofa yana ce mini ƙara, ƙara, ya isa, rage kaɗan. Daga ƙarshe na sauke ƙafafun kusurwa ɗaya bayan ɗaya a kan guntayen katako, kowace ta taɓa ƙasa ta kama, ban ƙara mata ko zagaye ɗaya ba.

Iska ta taso, ganye yana ta zuba. Na kira 'yata. Ta zo da jakarta, na ɗaga ta na sa a ciki, na nuna mata maɓallin. Ta tambaye ni da Turanci, kamar yadda ta saba, in ya sake cijewa fa? Na ce mata in ya cije za mu mayar da shi mu sake, kuma ko su Malam sun tafi ko ba su tafi ba, inda na kwana nan za ta kwana. Ta sa ɗan yatsa ta danna. Falo ya yi wani siririn kuka ya fara tafiya, ya wuce inda ya tsaya ɗazu ko gezau, ya fita har ƙarshe ya zauna da ɗan sauti mai taushi. Haske ya shigo ta tagarsa. Kafin wani ya yi magana ruwa ya kece.

Kowa ya gudu baranda, mu biyu muka rage a ciki. Ta taga na hangi ruwa yana gangarowa daga bangon kicin ya nufi ramin da na haƙa. Sai ga Malam ya fito cikin ruwan da fartanya, babbar riga ta manne masa a jiki, yana jan wata 'yar hanya a saman tayoyin don ruwan ya kewaye ya wuce kwata. Wannan karon ban hana shi ba.

Na wanke hannu da ƙafa, na yi alwala da ruwan jarka, na shimfiɗa sallaya a siririyar hanyar nan na tayar da la'asar. Na yi ruku'u, daɓe bai motsa ba. Na kai goshi ƙasa, ruwa yana dukan rufi kamar ana zuba tsakuwa, ɗakin yana tsaye cak. A sujadar nan kukan da na riƙe tun ranar motar asibiti ya ƙwace mini. Na daɗe ban ɗago ba.

Ina sallamewa na ji motsi a waje. Na buɗe ƙofa, na riga na shirya amsar da zan bayar in an ce mu fito. Hajiya ce a tsaye cikin ruwa da lemar Makcik, da kular abincin da ta dafo ta bari a mota. Ta dubi 'yar matakalar ƙarfen, ta dubi cikin ɗakin. Sai ta sunkuya da ƙyar, ta zare takalmanta ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye su a ƙasa cikin taɓo. Ba wanda yake cire takalmi don zai shiga mota.

"Salamu alaikum, masu gida."

Na amsa mata. Ta hau, ta wuce kai tsaye falo ta zauna a can ƙarshen kujera, daidai inda ya fi rataya a kan gangare. Na saci kallon ma'aunin da ke bakin ƙofa. Ɗigon yana nan inda na bar shi.

"Tagar nan tana son labule mai kauri," in ji ta, tana buɗe kula. "Mai takaba ce a ciki, ba kanti ba. Gobe zan aiko da shi. Ke kuma zo ki ci abinci, kin rungume jaka kamar za a ƙwace."

Yarinyar ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Ta durƙusa ta zuge jakar a karon farko. Babu kaya a ciki, babu littafi. Silifas ɗin babanta ne, masu ruwan toka, waɗanda dunduniyarsu ta cinye ta gefe ɗaya. Ta kai su bakin ƙofa daga ciki, ta jera su suna kallon ɗaki, yadda yake barinsu in ya dawo daga aiki. Sannan ta zo ta zauna kusa da Hajiya ta wanke hannu.